Kalar Surayya ta Asali

Da Mutari ya danna, fuskar Surayya ta taso ta cika allon kwamfutar, sai ya ji surukarsa ta ja numfashi a bayansa ta riƙe.

Bai waiwaya ba. Tun da Inna Kubura ta yi sallama a shagon ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa yake ƙasa. Ya miƙa mata kujerar roba, ta ce ita da tabarma ta saba. Sai da ta ga daga ƙasa ba abin da za ta hango, sannan ta ɗosana a bakin kujerar kamar mai jiran a tashe ta. Badi'a, ƙanwar marigayiya Surayya, wadda ta rako ta tun daga ƙauyensu Tajaye, ta raɓe a bakin ƙofa cikin dogon hijabi, da takunkumi a fuska duk da zafin da ake zubawa. Bazara ta kai maƙura a Konni. Fankar sama ba abin da take yi sai juya hucin ɗakin, a waje kuma 'yan kabu-kabu na rige-rigen hanya da manyan motocin albasa masu nufar kan iyaka.

"Wanga kaɗai gare ka?" in ji tsohuwar.

"Akwai na biki, Inna. Akwai na sunan Wasila, da na Sallah..."

"Waɗancan an gwada min su cikin salula. Ban san matar da ke ciki ba." Ta gyara lulluɓinta. "Wanda ba ka sa ma hannu ba nika son gani."

"To shi ne wannan. Shi kaɗai ya rage."

Hoton bazata ne. Ran nan ya sayo sabuwar kyamara yana gwada ta a tsakar gida, Surayya na zaune kan kifaffen turmi tana tsince shinkafa, ba hoda, ba kwalli, ɗankwali ya zame baya. 'Yarsu Wasila ta yi wata ɓarna daga gefe, uwar ta juyo za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata, shi kuwa ya danna. Da ta ji ƙarar, ta ajiye faifan ta bi shi har zaure tana rantsuwa sai ya goge. Ya ce mata ya goge.

Yanzu da ya zauna gaban hoton, idon sana'a ne ya fara zuwar masa, ya kuwa riƙe shi da kyau don ya fi sauƙi. Hasken ya shigo daga hagu yadda ake so. Igiyar shanya ta ratsa ta bayan kanta kamar za ta yanke shi, wannan sai an cire. Shuɗin bokitin da ke kusurwa yana jan ido, shi ma a goge. Idanun kuwa sun fito tar, har in aka matso da su ana ganinsa a ciki, wani ɗan mitsitsin mutum riƙe da kyamara.

Sai da ya gama laifin igiya da bokiti, ya rasa abin fakewa, sannan ya dubi fatar.

Kumatun sun yi jajur kamar an kanga su a kasko. Ƙasan idanun ya yi baƙin ƙuna. A gefen goshi korayen jijiyoyi sun fito ɓaro-ɓaro ta cikin fatar da ta siranta kamar ledar ƙullin sukari. Wuyan fari fat, amma gaɓoɓin yatsun da ke riƙe da faifan baƙaƙe ne, sai ka ce hannun wata aka ara mata. Fatar idon ta kumbura. A lokacin ya ɗauka barci ne bai ishe ta ba.

"Abu guda ya kawo ni," in ji Inna Kubura, tana magana da bango don kunyar suruki. "Idona ya yi yana, kullum duniya sai ƙara dushewa. Kuma yarinyar nan ko cikin mafarki da wagga fuska taka zo min. Sai ta tsaya bakin rumbu tana kallona, ni ko in tsaya ina tambayar ta ɗiyar wace ce. An ce kai kana maida baƙi fari cikin na'urarka. To ka maida min farin baƙi. Ka ba ni ita da kalar da na haife ta, in gan ta kafin idon ya rufe."

Ba ta ambaci sunan ba. Surayya 'yar fari ce, ko da tana raye bakin uwar bai taɓa kiran ta ba.

* * *

Tun da kaka aka binne Surayya, amma Mutari bai daina jin warin man bilicin nan a ɗaki ba. Ya wanke labule, ya sake katifa, ya yi turare. Da rana ta take sai warin ya taso daga bango, wani wari mai kama da ƙonannen gashi da aka lulluɓe da turaren furanni.

Ɗinki ta zo koyo Konni wajen gwaggonta, ta shigo shagonsa ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, daga nan magana ta ƙullu. Baƙa ce, kowa ya san da haka. Washegarin ɗaurin aure ƙawayenta suka cika shagon suna shewa. "Ango, a ƙara wa amarya haske mana!" Ya ƙara. Ai aikinsa ke nan. Ba amaryar da ke fita daga shagonsa da kalar da ta shigo da ita. Da aka wanko hoton ya kai mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ashe haka zan yi kyau."

Bayan nan kwalabe suka fara shigowa. Wata hajiya ce a bayan kasuwa take haɗawa da mayukan da ake tsallakowa da su daga iyaka, ta zuba a robobi marasa suna. Da fari fuska ce kawai, daga baya jiki duka, safe da yamma. Maƙwabta suka ce aure ya karɓe ta. Abokansa a majalisar shayi suka ce ya yi dacen mata, shi kuwa ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa. Sau ɗaya ya ce ta rage. Ta dakata lokacin cikin Wasila, fuskar ta feso da ƙuraje ta yi dabbare-dabbare har ta daina zuwa biki. Tana gama wankan jego ta koma da haɗi mai ƙarfi, aka ƙara mata da ƙwayoyi. Bai sake magana ba.

Takalmanta ne suka fara ƙin shiga. Sai fuska ta ɗauka, sai fitsari ya ja baya. Likitan da ya duba ta ya kama hannunta ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ta tun yaushe take shafawa, sannan ya ja Mutari gefe ya ce ƙodojin sun gaji. Aka kai ta Yamai wankin ƙoda, aka dawo da ita ta ɗan farfaɗo, aka sake komawa. Karo na ƙarshe a kwance aka shigo da ita. Tsofaffin da suka yi mata wanka sun fito daga ɗakin shiru, kowacce tana duban tafin hannunta.

Hotunanta na asali, waɗanda bai taɓa ba, suna cikin tsohuwar kwamfutar da ta ƙone shekarar da kuran, wato lantarki, ya zo da ƙarfi ya cinye kayan wutar layin. A Tajaye kuwa ba wanda ya taɓa ɗaukar ta.

* * *

Ya fara da abin da hannu ya saba. Igiyar shanya ta ɓace, bokiti ya bi ta. Ya ɗebo fata mai lafiya daga haɓa ya lulluɓe ƙunar kumatu. Ya bi jijiyoyin goshi ɗaya bayan ɗaya ya shafe su, ya sacce kumburin ido, ya daidaita yatsu da bayan hannu. Kafin a kira azahar fuskar ta yi sumul, fara tas, irin wadda ke rataye a bangonsa birjik.

Sai ya kama ma'aunin haske. Tun da ya buɗe shago dama yake jan sa. Yau ya ja shi hagu, ya ji hannun yana yi masa gardama.

Inna Kubura ta taso ta kawo fuskarta dab da allon har numfashinta na barin tururi a gilashin.

"Wagga toka ta. Ɗiyata ba daga murhu ta fito ba."

Ya zuba ja kaɗan.

"Yanzu kuma ka maishe ta jar ƙasa. Baƙinta mai sheƙi na, awa an shafa ma tukunya mai."

Ya rage jan, ya ƙara duhu, ya ba goshi da karan hanci ɗan walƙiya. Tsohuwar ta karkata kai, ta rufe mataccen idon da tafin hannu ta duba da mai dama-dama.

"Ba ita ba ta. Kuma ina tabon?"

"Wane tabo, Inna?"

"Na nan, saman gira. Tana ƙarama ta faɗo daga amalanke, muna dawowa daga gona. Ni na ɗaure mata da gefen zanena. Ka goge shi?"

Ya goge shi. Bai ma san sa'ad da ya yi ba. Sai yanzu ya tuna cewa a kowane hotonta yana goge tabon nan, tun na biki. Ya koma baya ya maido shi, ɗan siririn layi kamar yankan farce.

Suka yi sallar azahar, suka dawo. Ya gwada wannan, ya gwada wancan. Kowace fuska ta fito sai tsohuwar ta girgiza kai: wannan ta yi shuɗi, wannan ta yi kamar mai ciwo, wannan wata ce can. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Can ta koma kujera ta zauna, ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar hanya:

"Kai da kuka zauna gida guda, kai ma ka mance kalarta?"

Mutari ya rufe ido. Ya nemo ranar da ta fara shigowa shagon, ya ga labulen da ta zauna a gabansa, ya ga koren mayafinta, ya ga yadda ta ciji leɓe don kar ta yi dariya. Amma fuskar da ke cikin mayafin fara ce. Ya nemo ranar da ya kai gaisuwa Tajaye, tana miƙo masa ruwa a ƙwarya. Hannun da ya miƙo ƙwaryar fari ne, mai baƙaƙen gaɓoɓi. Duk inda ya leƙa cikin kansa, man ya riga shi zuwa.

"Na mance, Inna," ya ce.

Tsohuwar ta waiga bakin ƙofa. Sai fuskarta ta ɗan washe.

"Ai ga ƙanwarta nan. Kalarsu guda, kakarsu ta wajen uba sunka biyo. Ke Badi'a, matso ki gwada mashi hannunki."

Badi'a ba ta motsa ba. "Inna, rana na yi. Motar Tajaye za ta bar mu."

"Na ce matso."

"Ai Yaya Mutari ya san aikinshi, ba sai..."

Inna Kubura ta miƙe da kanta. Ta lalubo hannun Badi'a ta cikin hijabi ta jawo shi fili, ta ja yarinyar zuwa bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Tun daga inda yake zaune Mutari ya gani. Damtsen ya yi ɗorawa-ɗorawa. Gaɓoɓin yatsun sun fara duhu.

Tsohuwar ta kai hannun kusa da idonta, ta juya shi. Sannan ta kai shi hancinta. Ta daɗe a haka.

"Da kinka zo hutun karatu daga lakwal kin ce min mura kika yi," ta ce. "Cire abin nan."

Badi'a ta sauke takunkumin. Kumatun sun soma ja.

"Ina kinka samu?"

"Cikin akwatin Yaya." Muryar ta yi ƙasa. "Da anka raba kaya, ke kinka ce in ɗauki akwatin. Suna ƙasan zannuwa. Da sunka ƙare na sayi wani."

"Badi'a," in ji Mutari, "kina asibitin nan fa. Ke kika riƙa juya ta a gado. Kin ji abin da likita..."

"Na ji!" Ta juyo gare shi, hawaye na gudu a kan jan kumatun. Ta nuna bango da hannun da uwarta ba ta riƙe ba. "Yaya, dubi bangonka. Gwada min baƙa guda. Guda ɗai! Waccan 'yar ajinmu ce, ta fi ni baƙi, dube ta nan. A gidan biki in an tashi hoto, baya aka tura irinmu. In an zo neman aure, fara aka tambaya." Ta share hanci da gefen hijabi. "Kuma na bari. Wallahi da azumi na bari. Fuskata ta yi kamar an watsa min tafasasshen mai, ko aji ban iya shiga ba. Ban san yadda aka bari ba."

Mutari ya ɗaga kai ya dubi bangon. Amare da 'yan Sallah da masu jego, jere har rufi, duk suna murmushi da fuska iri ɗaya.

Inna Kubura ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu ta tura hijabin baya kaɗan, ta kama haɓar 'yarta ta juya kan gefe kamar mai duba ɗan akuya a kasuwa. Ta bi wuya da yatsa, ta bi ƙeya, tana matso da ido. Sai ta lanƙwasa kunnen gaba. A bayansa, tsakanin kunne da tushen gashi, akwai wani ɗan fili da bai fi faɗin babban yatsa ba, inda man bai kai ba. Baƙi ne mai sheƙi.

"Nan," ta ce. "Ɗauki nan."

Ya ɗauko kyamara. Badi'a ta tsaya cak, idonta a rufe, uwarta na riƙe da kunnen, ya danna.

* * *

Ya ɗebi kalar daga ɗan filin nan kamar mai tsoma alƙalami a tawada, ya shimfiɗa ta a kan fuskar Surayya. Ya bi goshi, ya bi kumatu, ya gangara wuya da hannuwa. Ya bar hasken hagu ya kwanta a kan karan hanci yadda ya same shi.

Da ya janye hannu, sai ya ga yarinyar da ta zo ɗaukar hoton kati. Ga ta nan, dariya ta ƙwace mata, haƙoran sun yi fari ƙal cikin baƙar fuska, tabon na saman gira. Ya tashi ya ba da wuri.

Inna Kubura ta matso. Ta rufe ido ɗaya, ta duba. Ta ɗaga hannu ta shafa gilashin daga goshi zuwa haɓa, a hankali, irin shafar da kunya ba ta bar ta ta yi a gaban mutane ba.

"Ita ta," ta ce.

Injin wanke hoto na cikin gurzawa aka yi sallama da ƙaramar murya. Wasila ce, an taso su daga lakwal, jaka na lilo a bayanta, bakinta duk jan alawa. Ta ga kakarta ta ruga ta faɗa jikinta. Tsohuwar ta rungume ta, ta karɓi hoton da ɗuminsa daga hannun Mutari, ta riƙe shi a gaban yarinyar.

"'Yar gidana, faɗa min. Wa ke nan?"

Wasila ta duba. Ta karkata kai, ta tsotsi alawarta.

"Ban san ta ba."

"Duba dai da kyau. Mamarki ta."

"A'a." Ta girgiza kai har kitsonta na kaɗawa. "Mamana fara ce."

Wata motar albasa ta wuce, gilasan bango suka yi rawa. Inna Kubura ta kwance gefen zanenta, ta naɗe hoton a ciki sau biyu, ta soke shi a ƙugu. Ta yi wa surukinta godiya, ta sa masa albarka kamar yadda ake yi, ta lalubi ƙofa.

"Badi'a," Mutari ya ce da sauri, "akwai likitan fata da ke zuwa ranar kasuwa. Suna da yadda suke janye mutum a hankali. In zo in ɗauke ki?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta gare shi.

"Sai na gani," ta ce. Ta ja takunkumin ta rufe fuska, ta kama hannun uwarta, suka shiga rana.

Ya dawo ya zauna. Wasila ta haye cinyarsa kamar yadda ta saba. Ya adana aikin, ya rufe shi, sai hoton farko da ke ƙarƙashi ya bayyana: igiyar shanya, shuɗin bokiti, ƙonannun kumatu, korayen jijiyoyi.

"Mama!" Yarinyar ta zabura har ta kusa faɗuwa. "Baba, ga Mama! Ga ta nan tana dariya!"

Ta manna tafin hannunta a gilashin, dab da kuncin uwar. Ta dubi fuskar, ta dubi bayan hannunta. Ta sake duban fuskar. Sannan ta janye hannun, ta lashi gefen rigarta ta lakwal, ta shiga gurza bayan hannun da ƙarfi, tana ɗagawa tana dubawa.